Tambaya da amsa: tsuma, zambo da waƙar da ta ƙi tsufa

Wata baiwar Allah daga Tawa ta rubuto cewa babanta in ya kunna tsohon kaset na gurmi sai ya yi tsit, ido ya ciko da ƙwalla, alhali ba waƙar mutuwa ba ce. Wai me ake kiran wannan da Hausa?

'Yar uwa, waƙar ce ta tsuma shi. Kin taɓa zuwa filin kokowa kin ga ɗan kokowa an buga takensa, jiki na ɓari, tsikar jiki ta tashi, har sai an rirriƙe shi? To tsuma kenan, sai dai ta tsoho a zaune take kama shi. Kuma don Allah ku daina ce mana "nostalji", nan Yamai ko a rediyo sai ka ji yaro ya auno ta kamar ba mu da kalma, ga kewa ga bege ga tsuma kowace da gurbinta, kewa ta abin da babu shi kusa ce, bege kuwa da so a ciki da fatan a sadu. Su mawaƙan nan maganar gida suke yi, rijiya, ranar kasuwa, tafiya cin rani, sunan wani da ya riga mu gidan gaskiya. Ɗan Maraya Jos ya rasu tun 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya tal, amma abin da ya faɗa kan talaka har yau direba na sakawa a tasha. Ku ma 'yan Tawa ai ba banza aka sa wa gasar waƙa sunan mawaƙinku Ɗan Gurmu ba. Ki bar baba da kaset ɗinsa, ƙuruciyarsa yake saurare.

Wani ɗalibi na tambayar "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi". Ma'ana labari a ji shi daga wanda abin ya shafa. Masu sake rera waƙar magabata da fiyano, karin maganar nan ta ishe ku.

Zambo da habaici ɗaya ne? A'a malam. Zambo ƙuru-ƙuru ake muzanta mutum, habaici ba a kama suna, mai kaza a aljihu shi ke tsarguwa.

Mai tambayar inda sunan 'yan amshi ya samo asali, wato masu karɓa wa mawaƙi waƙa, daga amsawa ne mana.