Ƙwaya cikin tsarabar Gwaggo

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar. Kin ce lokotoro can Yamai ya rubuta wa uwar mijinki Hajiya sabon maganin sukari kuma ta ji daɗinsa. Sai ga Gwaggo ta je dubiya daga nan Tawa, ita ma da nata sukarin, Hajiya ta sa almakashi ta yanko ƙwaya goma daga plaket, ta ce ki ƙulle mata cikin tsaraba tare da sabulu da turare. Ke kuma kina tambaya ko al'adarmu ce a raba wa baƙo magani, kuma in kin hana ko kin yi rashin kunya. Da farko dariya na yi. Da na buɗe hoton kwalin na ga an rubuta dapagliflozine 10 mg, sai dariyar ta tsaya.

Raba magani dai mun tashi mun iske ana yi. Cikin shekarun 1970 kusan kowane gida akwai Nivaquine, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, cikin gwangwani, fara, mai ɗacin da ke kwana a maƙoshi. Da masassara ta kama yaro sai a aika maƙwabta a karɓo. Akwai wani saurayi a unguwarmu da aka sa aurensa da kaka, bayan an gama yankan hatsi, lokacin sauro bai tafi ba. Saura kwana biyu a ɗaura sai zazzaɓi ya kayar da shi, babban abokinsa ya ɗebo masa daga gwangwanin gidansu. Zazzaɓin ya sauka, amma cikin dare ƙaiƙayi ya taso. Ranar ɗaurin aure yana zaune a zauren abokin, cikin farar riga mai sitaci, jama'a na shigowa yi masa barka. Kowa ya ba shi hannu sai ya janye ya goga tafin a tabarma. Ya tuɓe hula ya sosa kai, ya murza ƙafa a ƙasa, ya jingina bayansa da bango yana gurzawa har jar ƙasa ta rina rigar. Kafin azahar tsofaffin mata sun yanke cewa sammu ne, har sun ambaci wani da ya nemi yarinyar aka hana shi. Saura kaɗan gidaje biyu su ɓata. Majo na likitar gari ne ya shigo gaisuwa, ya ce me ya sha? Aka faɗa masa. Ya ce a bar shi, kwana biyu zuwa uku zai wuce, haka ƙwayar nan take yi wa wasu baƙar fata. Abokin na ta rantsuwa cewa shi tun yana yaro yake shan ta, ko sau ɗaya bai taɓa sosa ba. Da labari ya kai wurin kakarmu sai ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ita ko jiƙonta ba ta raba wa mutane. Takan ce ana nuna wa mutum ƙofar mai magani, ba a miƙa masa saurar ƙwarya. In ta ji kana ciwo, mayafinta take ɗauka ta raka ka da ƙafarta a dube ka.

Wancan ƙaiƙayi ne, yana wucewa. Wannan na Hajiya da ƙoda yake aiki. Yana hana ƙoda maido sukari cikin jini, sai ya fita ta fitsari, kamar giram 70 a yini, kuma yana jan ruwa ya fita da shi. Ƙwaya ɗaya ake sha a yini, da abinci ko babu. In an manta ba a haɗa biyu. Kafin a rubuta shi sai an yi awon jini na kireyatinin a ga ƙarfin ƙoda, don in ta yi rauni ba ya sauke sukari yadda ya kamata, sannan a auna tansiyo, a duba sauran magungunan mutum. Hajiya an yi mata wannan duka. Gwaggo fa? Ni na san tana shan Daonil, wani maganin sukarin, in an ɗora wannan a kai ba a rage ba, sukari na iya faɗuwa: zufa, makyarkyata, yunwa mai tsanani, ruɗewa. Nan take sai a ba ta ƙwarar sukari 3 cikin ruwa. In kuma tana shan Lasilix ko wani maganin tansiyo mai sa fitsari, to ruwan jiki ta ƙofa biyu zai fita. Ki tuna zafin Tawa cikin Afrilu da Mayu, ki tuna tsohuwa ba ta son yawan shan ruwa don gudun tashi da dare. Jiri ne zai kwashe ta in ta miƙe daga sallah.

Ko Hajiyar ma akwai abin da ya kamata ku sani a gidan. Za ta yawaita fitsari, kuma za ku ga tururuwa na taruwa a makewayi. Kada a ce ciwo ya tsananta, aikin maganin ke nan, har awon fitsari zai nuna sukari. Amma fitsari mai zaƙi yana jawo ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, mata sun fi samu. Ta riƙa tsarki da ruwa zalla, ta tsane, ta sa kamfai na auduga. Ke ce za ki lura, don ba za ta faɗa wa ɗanta ba. In wurin ya kumbura, ya yi ja, da zafi da zazzaɓi, ranar za a kai ta, ba a jira.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsamin jini. Alamarsa tashin zuciya, amai, ciwon ciki, numfashi da sauri da zurfi, kasala da yawan barci, baki na ƙanshi kamar rubaɓɓen ɗan itace. Mugun abin shi ne na'urar awon sukari ta gida na iya nuna lamba mai kyau alhali mutum na cikin haɗari. Shi ya sa duk ranar da take amai ko zawo, ko ta kasa cin abinci, a dakatar da ƙwayar a kira lokotoro. Haka ake tsayar da ita kwana 3 kafin tiyata. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha, haka mai sukarin da ke farawa tun yarinta, wanda sai da allurar insulin. Azumi kuwa, tun kafin watan ya kama a je a tambaya, galibi ana mayar da shan ta lokacin buɗa baki tare da ruwa mai yawa. In tana haɗawa da jiƙo ko garin zogale, a faɗa wa lokotoro, kada a ɓoye.

Turai ta amince da maganin nan a 2012, Amurka a 2014. Sai a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta fito da gargaɗin tsamin jinin nan, bayan mutane sun riga sun fara sha. Daga baya aka amince a riƙa ba da shi don zuciya mai rauni a 2020, da ciwon ƙoda a 2021. Magani ne mai kyau, ina murna da Hajiya ta samu. Amma sabon magani ko bayan an sa masa hannu ana ci gaba da koyon halinsa, shi ya sa a takardar wasu da ke zuwa daga Faransa za ki ga ɗan baƙin kusurwa uku mai kallon ƙasa, alamar ana sa masa ido. Duk abin da kuka gani baƙo a jikinta, ku kai wa mai farmasi ko lokotoro ya rubuta.

Abin da ke ɓata mini rai da ku ƴan yanzu, kuna da karatun da kakarmu ba ta da shi, amma sai a ɗauki hoton kwali a tura ta WhatsApp, wani ya je ya saya wurin mai tire a bakin tasha, inda rana ta wuni tana dukansa, ba ordonansi ba awo. Shi kansa yankan plaket ɗin ɓarna ne: suna ya tafi, ranar lalacewa ta tafi, lambar kamfani ta tafi. In Gwaggo ta faɗi aka kai ta likita, wa zai san me ta sha? Ita ma Hajiya kwana goma sun ragu daga nata.

Batun kunya kuwa, ba a ce wa uwar miji a'a cikin mutane, wannan kin sani. Ki bi ta wurin mijinki, ɗanta ne, shi ya zare ƙwayoyin ya mayar cikin kwali. A madadinsu ya rubuta sunan maganin a takarda, ya haɗa da kuɗin awo. In Gwaggo ta sauka Tawa ta zo mini da takardar da duk kwalayen da take sha, har na gargajiya, zan sa yaro ya raka ta babban asibiti a auna ƙodar da tansiyo. Ki gaishe da Hajiya da jiki, ki ajiye mata gorar ruwa kusa da gado.