Hukuncin sauya wa maƙwabci hanyar da yake bi ta cikin filinka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji gida a Agege. Tun mahaifinmu na raye ya yanki bayan filin ya sayar wa wani bawan Allah, kuma ba shi da mafita zuwa titi sai ta tsakiyar namu. Yanzu ina so in gina shaguna, in mayar masa da hanyar bakin kwata, ya ƙi. Wani ya ce mini tunda takardar fili na hannuna, kuma Sayyidina Umar ya taɓa yin hukunci a sauya irin wannan, ba sai ya yarda ba. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku.

Ɗan'uwa, da aron hanya mahaifinka ya ba shi don mutunci, da maganar ta yi sauƙi. Amma sayarwa ya yi, kuma babu mai hankalin da zai zuba kuɗinsa a filin da ba ƙofa. Hanyar tana cikin abin da aka biya, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Haƙƙi ne da ke manne da ƙasar, ka gaje ta da shi a kanta. In kun yarda ku biyu, ko da za ka biya shi wani abu, sauyawa ta halatta.

Sai maganar wanda ya ba ka shawara. Ƙissar tana cikin Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik: Abdurrahman ɗan Aufu yana da magudanar ruwa da ta ratsa gonar wani, ya so ya matsar da ita ɓangaren da ya fi kusa da tasa gonar, mai gona ya hana, Umar ya yi hukunci a matsar. To wa ya nemi sauyin? Mai haƙƙin ne da kansa, kai kuwa haƙƙin wani kake son ɗagawa. Sannan Abdurrahman bai wayi gari da fartanya ya haƙa ba, gaban shugaba ya kai magana. Su kansu malaman da suka yi aiki da wannan hukunci sun sa sharaɗin kada a cutar da kowa, kuma ruwayoyi daga Imamu Malik sun saɓa a kan tilasta wanda ya ƙi. Ta yaya hujjar da aka rataya wa rashin cutarwa za ta zama hujjar tura mutum bakin kwata? Duk wanda ya yi damina a Legas ya san yadda kwata ke tumbatsa ta haɗiye hanya, da baƙin ruwa da leda. A nan matarsa da yaransa za su riƙa tsallakawa zuwa makaranta? In yau Keke Napep na kai masa kaya har ƙofa, gobe kuma sai an ɗauko a ka, an rage masa. Ka tuna wata rana da makara za a fito ta wannan hanya.

Takarda kuwa ba ta halatta abin da shari'a ta hana. Ko a dokar ƙasa ta 1978, filayen jiha amana ce a hannun gwamna, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne.

In shagunan sun zame maka dole, ka yi masa hanyar da ta kai tsohuwar faɗi da tsawo da lafiya, da kuɗinka, ka gama ta kafin ka taɓa ta farko. Ya sake ƙi, ku je gaban limami da Sarkin Hausawan Agege, ko kotu. Kada ka tashi katanga da dare, kada kuma ka ɗauko 'yan omo onile, wato 'yan daban filaye na Legas, su tsorata shi. Ranar da ka fara tubali kanka za su dawo. In kun daidaita, ku kira mai awon fili da lauya da shaidu, a rubuta, a kai rajista ofishin filaye na jihar Legas da ke Alausa, don magadanku.

Wani abu da ba ka tambaya ba: ka ce "na gaji", sai kuma ka ce "namu". In ba a raba gadon nan ba, ba ka da ikon aza bulo ɗaya sai da izinin sauran magada, musamman 'yan'uwanka mata da ke aure a Arewa, waɗanda aka saba mantawa da su. Ka fara da wannan.

Allah ne mafi sani.