Waƙar Mark Knopfler da za ka fara da ita

Ka tambaya wace waƙar Mark Knopfler, mawaƙi kuma makaɗin jita na Birtaniya, ta fi dacewa ga wanda bai taɓa sauraronsa ba. Ka fara da "Sultans of Swing" ta 1978, daga faifan farko na ƙungiyar kiɗansa, Dire Straits. Idan ta shige ka, sai ka wuce zuwa "Brothers in Arms" ta 1985, wadda ni dai ita ce ta fi kwanta mini a rai.

Dalilina shi ne yadda yake kiɗa: da yatsunsa yake tsinkar igiyar jita, ba da 'yar robar nan da ake kaɗa jita da ita ba, shi ya sa sautin ke fita tas, kamar jitar na magana. Ba mamaki Bombino, makaɗin jita na Agadas, ya koyi hannu yana kallon bidiyonsa. Sharaɗi ɗaya, ɗan'uwa, kada ka saurara ta lasifikar waya. Na yi shekaru ina jin "Brothers in Arms" haka, sai wani dare da wuta ta ɗauke na sa abin kunne, nan na ji yadda yake jan igiya ɗaya a hankali har ta yi kuka. Tsigar jikina sai da ta tashi.