Amsa ga Hajiya: abin da ke jan yaro cikin 'yan shara

Hajiya, kin tambaya me ke sa yaron da ya tashi a gidan mutunci ya faɗa cikin 'yan shara, wato 'yan daban Kaduna, kuma ko abu ɗaya ne ke kai Turawa ƙungiyoyin ƙin baƙar fata. Bari in ba ki labarin gidanmu.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi shekara huɗu cikin 'yan shara a Tudun Wadar Kaduna. Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da aka rufe ta a 2007 ya koma gadin dare, mahaifiyarmu tana fama da tuyar ƙosai, ni kuma ina makaranta a Zariya. Abinci bai yanke ba, amma babu mai tambayar yaron nan ina ya wuni. Sai ga rikicin bayan zaɓen 2011. Samarin layinmu suka kwana suna tsaron unguwa, shi ma yana ciki da gorarsa, yana ɗan shekara 15. Da safe manya suka yi ta sa musu albarka. Daga baya ya ce mini, "Yaya, ranar ne aka fara kirana namiji." Wallahi har yau maganar nan tana sosa mini rai.

Ƙura ta lafa, amma majalisar ba ta watse ba. Suka raɗa masa laƙabi, suka yi masa karo-karon kuɗin magani da ya kwanta zazzaɓi. Ƙwaya da wuƙa daga baya suka shigo. Haka ma ƙiyayya. Yaron da bai taɓa zama da mutumin Sabon Tasha ba, unguwar kudancin Kaduna da Kiristoci suka fi yawa, ya dawo yana zagin duk wanda ke ƙetaren kogi, alhali mahaifinmu ya yi shekaru yana cin abinci kwano ɗaya da su a wurin aiki. A bakin abokai ya tsinci zagin, don kada a ce ba nasu ba ne.

Na Turawan ma, a ganina, hanyar ke nan. Akwai Christian Picciolini, wanda ya shiga ƙungiyar ƙin baƙar fata ta masu aske kai ƙwal a Shikago ta Amurka a 1987, yana ɗan shekara 14. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Italiya, kullum suna wurin nema. Wanda ya jawo shi kulawa ya fara nuna masa kafin huɗubar launin fata. Ya soma dawowa hayyacinsa ne da ya buɗe shago, baƙaƙe da Yahudawa suna shigowa ana hira.

Shi kuwa ƙanena, ba irin dukan da ba mu gwada ba, ƙara tura shi wajensu muka yi. Wani mai walda a Panteka ne ya karɓe shi, kuma wata uku kacal ya damƙa masa makullin shago. Idan naki ya fara, Hajiya, ki nemo babban da yake jin nauyinsa, kawu ko ubangidan sana'a, tun kafin a raɗa masa laƙabi.