Bargar dawakin ma tana ƙarƙashin dokar, Alhaji

Tambaya: Na sayi tsohon gida a karkarar Ingila, ginin wajen 1790, zamanin sarakunan da ake kira Joj. A bayansa akwai bargar dawaki da na sauya wa tagogi na sa na roba. Magini ya ce babban gidan kaɗai ke cikin jerin gine-ginen tarihi masu kariya. Yanzu ƙaramar hukuma ta aiko mini da takarda. In kai su kotu?

Amsa: Alhaji, ban ga takardun gidan ba, don haka abin da zan faɗa bisa bayaninka ne kawai. Amma ina jin maginin nan ya yi maka gurguwar fassara, kuma da ya tsaya kan aikin hannunsa da ya fi.

Dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, sashe na 1(5), ta ce duk ginin da ke cikin harabar gidan da aka kare, in dai yana wurin tun kafin 1 ga Yulin 1948, ana ɗaukarsa wani ɓangare na gidan. Ko ba a ambaci bargar a rajistar Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila, ba, wannan ba ya fitar da ita. Gidajen wancan zamanin tare ake tsara su da barga, ɗakin keken doki, har da katangar lambu, shi ya sa doka ke kallonsu abu guda.

Ko bargarka tana cikin haraba? Nan ne kaɗai kake da ɗan abin kamawa. Tun shari'ar Calderdale ta 1982 alƙalai na duba abu uku: yadda gine-ginen ke zaune da juna, wanda ya mallake su da da yanzu, da amfanin da aka yi da su. Sai dai kada ka dogara da nisa. A shari'ar Skerritts ta 2000, kan tagogin roba a wata barga mai ɗan tazara da babban gida, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba dole haraba ta zama ƙarama ba.

Yin aikin da ke sauya siffar tarihi ta irin wannan gini ba izini laifi ne, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 2 ko biyan tara marar iyaka, kuma rashin sani ba kariya ba ne. Hukuma na iya ba da umarnin mayar da ginin yadda yake a da, ko bayan shekara nawa ne da yin aikin.

Ni dai ba zan ce ka je kotu ba. Tsayar da aikin yau. In tsoffin tagogin katakon na nan, adana su. Nemi lauyan da ya san harkar, ya raka ka wurin jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumar. Za ka iya neman izini bayan aiki, ba a biyan kuɗin buƙatar, ko da yake da wuya a yarda da roba. Yawanci in ka amince za ka mayar da na katako, magana kan mutu a teburi. Turo mini takardar tasu kafin ka ba su amsa.