Fim ɗin gidan caca da bakin masu kallo: amsa ga yaron shagona

Ka ce, "Maigida, wannan fim ɗin na gidan caca ya ɗaure mani kai. Wani ya dawo yana neman sauran zangon duka, wani ya ce in goge mashi don shirme ne, wani dattijo kuma ya ce caca muke koya wa yara. Maganar wa zan ɗauka? In bar shi a kwamfuta ko in goge?"

To ɗana, jawo benci ka zauna. Jona kebul da tura fim cikin memori, wuni guda ya isa a koya wa mutum. Abin da ke cin shekaru a sana'ar turi shi ne gane abin da mai kallo ke nufi idan ya buɗe baki, kuma ba za ka gane ba sai ka san kayan da ke hannunka.

Sunan fim ɗin Las Vegas, sunan birnin nan na jihar Nebada a Amurka, jihar da ta halatta caca tun 1931. Tashar NBC ce ta fara nuna shi a Satumban 2003, ta daina a Fabrairun 2008. Zango 5 ne, kashi 106, kowane kashi minti 40 da 'yan kai, wato wanda ya ce a tura mashi duka ya ɗauki kallon sama da awa 70. Gidan cacar da ke ciki, Montecito, ƙirƙirarsa aka yi, babu shi a zahiri. Labarin kuma na ma'aikatan gidan ne, ba na 'yan cacar ba. James Caan ya fito a tsohon jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da ya zama shugaban tsaron gidan, yana zaune a ɗakin da kyamarori ke nuna mashi kowane teburi, ga yaronsa na hannun dama wanda Josh Duhamel ya fito, ga mata masu kula da manyan baƙi. Kowane kashi a haɗa labari biyu ko uku, ɓarawo a nan, mai maguɗin karta a can, rigimar soyayya a tsakani, kafin a tashi an warware kusan duka.

Wanda ya dawo neman saura, ka lura da shi. Yawanci mai jin Turanci ne, ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ma'aikacin da ya taso daga sakatariya a gajiye. In ya ce maka "akwai daɗi", yana nufin fim ɗin bai wahalar da shi ba. Ba sai ya tuna abin da ya faru kashi goma baya ba, in barci ya ɗauke shi a tsakiya bai yi asarar komai ba, gobe ya ɗora daga wani. Kada ka raina wannan ra'ayin. Yin fim mara nauyi da zai riƙe mutane shekara biyar aiki ne babba, kuma masu shi sun iya.

Shi kuma wanda ya ce shirme ne, abin da wancan ya yaba shi ne daidai abin da ya kushe. Kar ka yi musu da shi, tambaye shi me ya gama kallo kafin wannan. In ya ce maka fim ɗin Turkiyya na tarihi, mai doki da takobi da ƙullin da sai kashi hamsin ake kwancewa, ka riga ka samu amsa: ya zo da yunwar tuwo ka miƙa mashi kunun zaƙi. In kuma bai jin Turanci, ka tuna namu babu fassara, kuma daɗin fim ɗin a baki yake, a zolaya da ba'a tsakanin ma'aikata. Wanda bai ji maganar ba, fitilu kawai zai gani da mutane suna kai da kawo. Irin wannan tun farko bai kamata a tura mashi ba, laifin na mai turi ne.

Akwai wasu da ba ka haɗu da su ba tukuna, amma suna tafe, kuma sun fi kowa fushi: waɗanda suka so fim ɗin har suka kai ƙarshe. James Caan ya bar shi bayan zango na 4, aka kawo Tom Selleck a matsayin sabon mai gidan, za ka ji masu cewa daga nan armashin ya ragu musu. Sai marubutan fina-finan Amurka suka shiga yajin aiki daga Nuwamban 2007 zuwa Fabrairun 2008, zango na 5 ya guntule, tashar kuma ta soke shirin. Kashin ƙarshe ya tsaya ne ana tsaka da tashin hankali, mai juna biyu tana cikin ciwo, ba a san makomarta ba, kuma ba a taɓa yin ci gaban ba. Mutum zai zo ya rantse ka ɓoye mashi kashi ɗaya, ko ya ce memorinsa ka lalata. Saboda haka ka faɗa mashi kafin ya biya, cewa wannan labarin ba shi da ƙarshe, in ya yarda a haka shi ke nan.

Yanzu maganar dattijo, wadda na fi ɗauka da nauyi duk cikinsu. Hukuncin caca ba abin tattaunawa ba ne a shagon nan. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri guda ta ce a nisance su. Abin dubawa shi ne ko fim ɗin yana koyar da ita. In koyar da yadda ake bugawa ake nufi, a'a, babu wanda zai kalle shi ya tashi ya iya karta. Abin da yake yi ya fi wannan laushi, shi ya sa ma nake tsoronsa. Yana sa ka zama ɗan gida. Kyamara kullum tana bayan ma'aikata, su kake so, su kake wa fatan nasara, wanda ya zo ya zubar da dukiyarsa kuwa yawanci wucewa yake yi ta gefe. Akwai wata a ciki da aikinta kenan, ta tarairayi attajirin ɗan caca, a ba shi ɗaki kyauta, a biya mashi kowace buƙata, don dai kar ya tashi daga teburi ya tafi wani gidan. Fim ɗin yana nuna wannan a matsayin wayo da abin dariya, kai ma sai ka tsinci kanka kana dariyar.

Ga lissafin da fim ɗin ba zai tsaya ya yi maka ba. Faifan nan da ake juyawa a jefa ɗan ƙwallo, irin na Amurka gurbi 38 gare shi, daga 1 zuwa 36, sai sifili ɗaya da sifili biyu. Wanda ya dace ana biyansa ninki 35. Ka ɗauka ka sa naira 100 a kowane gurbi, ka kashe 3,800 kenan, kuma dole ɗaya ya ci. A ba ka 3,500, a mayar maka da ɗarinka, ka tashi da 3,600. Ka rufe kowace ƙofa amma 200 ta tafi. Wannan ɗan gibin, naira biyar da 'yan kwabbai a kowace ɗari, da irinsa a sauran wasannin, shi ya gina benayen da fitilun da mai kallo ke sha'awa. Ba sai gidan ya yi maguɗi ba. Mu nan Katsina ba mu da Montecito, amma wayar da za ka tura wa saurayi fim ɗin, a cikinta ake buga cacar ƙwallo, ka kuma san su, suna zuwa caji kullum suna duba sakamako hannu na rawa. Ka ƙara da shigar matan cikin fim ɗin, da giya, da zaman saurayi da budurwa ba aure, sai ka ga dattijon bai yi ƙarya ba, ko da bai kalli kashi ɗaya ya gama ba.

Ba zan ce ka goge ba, don akwai manya masu hankalinsu da ke nemansa, kuma sun san abin da suke kallo. Amma yau ɗin nan ka cire shi daga jerin da muke buɗewa a gaban kowa, ka mayar da shi can ciki. Yaro ba ya samu, ko ya ce yayansa ne ya aiko shi. Wanda ya miƙo waya ya ce "zuba mani duk abin da ya samu", kar ka sa mashi. In magidanci ne, tambaye shi ko wayar tana shiga hannun yara a gida. Babban da ya ambaci sunan fim ɗin da bakinsa, ka gaya mashi babu fassara, babu ƙarshe, akwai kuma abin da ba a kallo da iyali, sannan ka fara ba shi kashi biyu ko uku ya gwada kafin ya ɗauki zango. In ka ji saurayi ya bar maganar labarin ya koma tambayar yadda ake wasan da nawa ake ci, ɗauko biro ka yi mashi lissafin nan na gurbi 38 a bayan takarda, a hankali, har sai ya cire 3,600 daga 3,800 da kansa.

Dattijon kuma in ya dawo, ka ba shi kujera, ka gaishe shi da kyau, ka nuna mashi inda muka mayar da fim ɗin. Ka tambaye shi a wayar wa ya gan shi, don ina son in san ko daga shagon nan ya fita.