Ɗana, kafin ka sayar da babur ɗin nan

Saƙon muryarka ya iso ni da asuba ina zaune cikin mota a bakin tashar jirgin ƙasa ta Liyon, ina jiran fasinja. Minti goma sha ɗaya ka yi kana magana. Gaisuwa ta cinye biyu, sauran duk a kan abu ɗaya: ka ga bidiyo a waya cewa Turai ta koma motar kuran, wato mai aiki da lantarki, masu gyaranta sun yi ƙaranci, kai kuma shekararka biyar a garajin maigidanka na Sabon Gari, har inji kana saukewa ka mayar. Za ka sayar da babur ɗin da kake kabu-kabu da shi, ni kuma Kawu in cika maka, ka taho. A ƙarshe ka sassauta murya ka ce in biza ta ƙi, akwai hanyar Agadas.

Kai ne na huɗu da ya yi mini wannan magana daga Damagaram cikin shekarar nan, shi ya sa na rubuta amsar a fili, sauran ma su karanta in huta.

Ni ba makanike ba ne. Direba ne, kuma shekara huɗu ke nan ina neman abincina da motar da ba ta shan fetur. Abin da na sani game da garajin motocin nan a ɗakin jira na koye shi, da kuɗina.

Bara, farkon sanyi, na jona motar a caji da dare, da safe na tarar ba ta ɗauki komai ba, ga jan rubutu a allo. Da a gida ne, tura ta za mu yi zuwa wurin maigidanka, ya ɗage murfi, ya kasa kunne, kafin azahar an san inda ciwon yake. A nan sai na buga waya wurin dillalin da ya sayar mini, aka ba ni randebu bayan kwana goma sha biyu. Na ce musu da motar nake ci da iyalina. Matar ta ce ta gane, amma ma'aikacinsu ɗaya ne ke da izinin taɓa irin wannan mota, kuma layinsa ya cika. Garaji mai faɗin filin Idi, ma'aikata sun fi ashirin, mutum ɗaya tak.

Ranar ta zo. Ba a bari ka tsaya kan motarka, ɗana. Makulli za ka miƙa a kanta, a nuna maka kujera da injin kofi. Wanda ya taɓa motar ba ka ganinsa, wanda kake gani kuma bai taɓa ta ba, abin da aka rubuta masa a kwamfuta yake karanta maka. Sun jona na'urar binciken da suke kira baliz, ta fitar da lamba, lambar ta ce akwatin cajin da ke cikin motar ne ya lalace. Na ce to a gyara. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ba a buɗe shi, in ji shi, sabo ake sakawa. Yuro 2,300 har da kuɗin aiki. Ka lissafa da kanka, yuro ɗaya sefa 656 ne, ya haura miliyan ɗaya da rabi.

Na tuna masa garanti. Nan na ƙara ilimi. Garantin nan na shekara 8 ko kilomita 160,000 da ake ta talla da shi, babban batir ya shafa, cewa ba zai faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. Na sauran jikin motar tawa ya riga ya ƙare. Na sa hannu, don babu yadda zan yi.

Sai jiran kaya. Mako biyar motar tana ajiye a bayan garaji, ganye yana zuba a kanta. Banki kuwa bai san da wannan ba, yuro 480 na bashin motar yana cirewa duk wata, asirans ma haka. Na ɗauki hayar wata motar ina aiki, rabin abin da na samu yana tafiya can. Watan nan ne uwarka ta ga kuɗin cefanen Hajiya bai zo a kan lokaci ba, aka fara cewa Kawu ya canja tunda ya yi aure a can. Na ji, ban ce komai ba.

Na karɓi mota, an wanke ta tas, an sa takarda a ƙarƙashin ƙafa. Kwana tara jan rubutun ya dawo.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo ɗan Tunusiya mai ƙaramin garaji a bayan gari, wanda ya je ya yi horon motocin kuran da kuɗinsa. Bai fara da baliz ba. Mita ya ɗauko ya auna ƙaramin batir, wannan dai na bolt 12 da ka sani a kowace mota. Mutane da yawa ba su san motar kuran ma tana da shi ba, alhali shi ne ke tada kwamfutocinta, shi ke ba da umurnin a haɗa babban batirin. In ya raunana, kwamfutoci sai su yi ta sambatu, suna fitar da lambobin ƙarya. Ya same shi a gajiye, ya kuma sami wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Ya kankare, ya ɗaure, ya sa sabon batir. Yuro 190. Har yau shiru.

Na koma wurin dillali da faktir biyu a hannu. Suka ce sun bi ƙa'idar kamfani, abin da na'ura ta nuna shi suka canja. Ko tsohon akwatina ban samu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, sanin da na yi cewa yaron garaji mai shekara biyu a Damagaram da ya fara duba kan batir kafin komai.

Kada ka ji wannan ka ce ashe kai ake jira. Tsaya tukuna.

Dattijon nan yana iya taɓa motata ne don yana da takarda. Babban batirin yana ɗauke da bolt 400, wasu sababbi har 800, kuma ba irin na NIGELEC ba ne da zai fizge ka ka yi salati ka ci gaba. Duk wayar da ka ga ruwan lemo ce a cikin motar, ajali ne a kwance. Kafin a kusance ta sai an kashe mota an nisanta makulli, an cire ƙaramin batir, an zare fulogin da ke raba babban batirin, an jira wasu mintoci abin da ya taru ya sauka, sannan a auna a tabbatar babu saura. Da safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, da gilashin fuska, ga wata doguwar sanda mai ƙugiya rataye a bango, don janye mutum in ya manne. Motar da ta yi haɗari kuma waje ake ajiye ta nesa da sauran, saboda batirin litiyom yana iya kamawa da wuta bayan kwanaki, in ya kama kuma kashe shi aiki ne. A Faransa akwai ƙa'ida mai lamba NF C 18-550 a kan wannan. Za ka yi horo, sannan wanda ya ɗauke ka aiki shi zai sa hannu ya ba ka izinin. Ka lura da kyau: wanda ya ɗauke ka aiki. Wanda ya shigo ta Agadas da teku, in Allah ya sa ya tsira da ransa, ba shi da takardar zama, babu mai ɗaukarsa a rubuce, don haka babu izini. Na san irinsu. Suna wanke mota ko ɗaukar taya a garajin bayan fage, a biya su a hannu ranar da aka ga dama. Maganar Agadas kada in ƙara jin ta a bakinka, uwarka ɗa namiji ɗaya gare ta.

Sannan gwanintar taka da kake taƙama da ita, yawancinta ba ta da wurin zama a motar nan. Babu juyen mai, babu buji, babu salansa, babu kuloci, babu bel ɗin inji. Kunnen nan naka da ke gane bugun fistan, me zai saurara? Birkina na farko ya wuce kilomita 100,000, saboda in na ɗage ƙafa injin ne ke riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir. Birkin ma tsatsa ta fi damunsa don rashin aiki. Taya kaɗai take ci kamar gara, don batirin ya kai nauyin buhun gero uku ko huɗu, ga fizga tun daga tashi. A nan zan yi mata adalci: in ba ta lalace ba, ban taɓa riƙe motar da ta fi ta sauƙin ciyarwa ba, da ita na ƙarasa ginin nan na Garin Malam da kake wucewa ta gabansa. Amma abin da ya zama sauƙi gare ni, ragin aiki ne ga makanike. Abin da ya saura shi ne karanta zanen wayoyi, da takardun kamfani cikin Faransanci ko Turancin Ingila, da kwamfuta. Wasu kayan ma ko ka saka su daidai ba za su yi aiki ba sai an yi musu rajista da manhajar kamfanin, ita kuma kuɗi ake biya a shiga. Kai da ka bar lekwal bayan birebe, ka tambayi kanka tsakani da Allah.

Kuɗin da ka ji ana samu fa? Sabon shiga yana farawa ne kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 yake wajen yuro 1,800, in an cire na hukuma ya rage 1,400 da ɗoriya. Na san ka riga ka buga shi a sefa ka ga ya wuce jika 900, zuciyarka ta yi tsalle. Ɗaki ɗaya a garin nan, wanda bai kai zauren gidanmu ba, na biya shi 550 shekaru da suka wuce. Ka cire abinci, ka cire wutar ɗumama ɗaki, ka cire tikitin jirgin ƙasa, ka cire waɗanda za su fara turo maka saƙon murya na minti goma sha ɗaya.

Ta hanyar karatu kuwa, a 2025 biza tana neman ka nuna yuro 615 na kowane wata, sama da jika 400, kuma ɗalibi ba ya wuce awa 964 na aiki a shekara. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai ma an rufe shi tun Janairun 2024. Kuɗin babur ɗinka ba zai kai ka wata biyu ba. Ni da na zo shekara goma sha huɗu da suka wuce, da bak ɗina a hannu da ƙofa a buɗe, sai da na yi shekara uku ina wanke tukwane a bayan gidan abinci kafin in ga hasken rana.

Wani abu yana ba ni dariya mai ciwo in ina caji da dare. Kusan kashi biyu cikin uku na kuran ɗin ƙasar nan daga nukiliya yake, kuma yuraniyom ɗin Arlit ya yi shekara da shekaru yana cikin abin da ke hura shi. Ni ina cika mota a nan, ku can kuna jiran layin da ya taso daga Katsina, wanda da Najeriya ta yanke a Agustan 2023 kowa ya ji a jikinsa. To, a bar wannan.

Ka tambaye ni ko motocin za su iso gida. Za su iso, amma ba gobe ba, kuma ba da siffar da kake zato ba. Garin da matatar SORAZ take bakin ƙofarsa tun 2011 ba zai yi saurin rabuwa da fetur ba. Zafinmu ma abokin gaba ne: batiri ba ya son rana, kuma Nissan Leaf ta farko, wadda ba ta da ruwan sanyaya batir, masu ita a Arizona ta Amurka sun koka tun 2012 cewa ƙarfinsa yana zubewa da wuri. Ka kwatanta da watan Afrilu a Damagaram, a bar mota a rana gaban Kasuwar Dole. Abin da zai riga zuwa shi ne tsofaffin Toyota masu haɗa fetur da batir, da babura da kekunan kuran na Sin, da batiran litiyom na sola da tuni suka fara shiga gidaje. Duk waɗannan in sun lalace a gida babu dillalin da zai ce a jira kaya mako biyar. Sai wanda zai buɗe, ya auna ɗiyan batirin ɗaya bayan ɗaya, ya gano wanda ya mutu ya canja shi. Aikin da aka hana ma'aikacin nan na Liyon yi, kai ba mai hana ka, in dai ka koya yadda ba zai kashe ka ba. Kuma yanzu masu iya shi a tsakanin Damagaram da Maraɗi ba su da yawa.

Ga abin da zan iya. Babur ya zauna. Da safe garaji, da yamma ka nemi mai haɗa sola na kirki ka bi shi, ko kyauta ne, wata shida. Ka koma ka ɗauki karatun dare ka nemi bak, kuɗin wannan a wuyana. In ka samu, sai mu duba fannin lantarki a jami'ar Maraɗi ko makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, ko mu nemi gurbin Maroko ta hannun ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai tallafin karatu, tunda can ana ƙera motoci, Renault tana da masana'anta a Tanja tun 2012. Daga nan in har yanzu Turai kake so, za ka shigo ta ƙofa da takarda a hannu, ni kuma in tarbe ka a filin jirgi da motar nan, in ba ta garaji.

Akwai mai tahowa gida ƙarshen wata, na ba shi mita mai kyau da safar hannu ya kawo maka. In sun iso, ka je ɗakin Hajiya ka auna batirin solarta da magariba, ka ƙara aunawa da asuba kafin rana ta fito, ka turo mini lambobin biyu tare da abin da kake ganin suna nufi. A rubuce, ba da murya ba. Ka gaida uwarka, ka ce mata na watan nan ya tafi tun Litinin.